Yaron Da Ya Ga Tashin Hankali: Yadda Za A Taimake Shi

Maganarmu ta yau a kan wani irin rauni ce wanda ba ya zub da jini, ba ya kumbura, ba a kuwa naɗa masa bandeji. Kai da ka ke riƙe da takardan nan kana jiran a kira ka a ɗakin shan magani, in na kusa da kai bai iya karatu ba, ɗaga murya kaɗan shi ma ya ji, gama maganar ta shafi duk wanda ke da yaro a gida.

A ce gobara ta tashi a gidanku da tsakar dare. Allah ya taƙaita, kowa ya fito lafiya, ɗanka mai shekara 7 ko ƙwarzane bai yi ba. Ka shafa jikinsa ko'ina, ka yi hamdala, ka shiga neman azara da kara na gyaran ɗaki. Bayan kwana goma sai ga yaron nan, wanda ya bar fitsarin kwance tun bara waccan, ya koma yi. In uwarsa ta hura wuta a murhu sai ya ruga zaure. Da dare ya zabura yana ihu. Malaminsa ya aiko ya ce karatun da ya iya duk ya zube. Kai kuwa ka ce sangarta ce, ka ɗauko tsumagiya. To, ajiye tsumagiyan nan tukuna, ka ji abin da ya sami yaronka.

Jikin mutum yana da wani shiri na tsira. Da zarar ido ya ga haɗari, tun kafin mutum ya tsaya tunani, sai ƙwaƙwalwa ta aika da saƙo zuwa waɗansu 'yan tsokoki biyu da ke zaune a kan ƙoda, su kuwa su zuba wani ruwa cikin jini wanda likitoci ke kira adirinalin. Nan take zuciya ta hau bugawa, numfashi ya yi sauri, baki ya bushe, zufa ta keto, jini ya tafi ga ƙafafu da hannuwa don mutum ya gudu ko ya kāre kansa. Wannan shiri alheri ne, shi ya fisshe ku daga cikin wutar. In haɗari ya wuce, jiki ya kan koma daidai. Amma in tsoron ya yi yawa ƙwarai, ko ya daɗe, ko ya yi ta maimaituwa, sai jiki ya ƙi yarda an gama. Kamar maigadi ne wanda ɓarayi suka taɓa shammata, daga ran nan ko kaza ta motsa sai ya ɗaga gora. Ƙaurin hayaƙi, ko ƙarar babur, ko mutum mai rawani irin na wanda ya gani ran nan, ya isa ya mai da yaro cikin daren nan kamar yanzu abin ke faruwa. Hausawa sun san haka tuntuni, shi ya sa su kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Watau yaronka ba da gangan ya ke yi ba, ba kuma hauka ba ce.

Ba gobara kaɗai ke kawo wannan ba. Akwai haɗarin mota, da kifewar kwalekwale, da ambaliya irin wadda ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024 sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Akwai mutuwar uwa ko uba a gaban idon yaro. Akwai fyaɗe, da dūkan da ya wuce horo, da ganin uba yana jibgar uwa kullum. Sa'an nan ga masifar da ƙasarmu ta sha tun daga 2009, ta yaƙi da ta 'yan bindiga. An kwashe 'yan mata 276 daga makaranta a Chibok a 2014, da 110 a Dapchi a 2018. An kwashe samari fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a watan Fabrairu na 2021, da yara fiye da 100 a Kuriga a watan Maris na 2024. Waɗannan su ne aka ji labarinsu a rediyo. Yaran ƙauyuka da suka kwana cikin gero suna jin harbi, ba wanda ya ƙidaya su.

In irin waɗannan yara suka dawo, mu kan duba ƙafafunsu da suka faffashe, mu ba su abinci, mu yi murna, mu ce shi ke nan. Ba mu kaɗai ke wannan kuskure ba, har likitocin Turai da Amurka sun daɗe suna zaton yaro ya kan manta da wuri. Ga abin da ya buɗe musu ido. A watan Yuli na 1976, a wani ƙaramin gari da a ke kira Chowchilla cikin jihar Kalifoniya ta Amurka, waɗansu mutum uku da bindigogi suka tare motar 'yan makaranta, suka sace yara 26, masu shekara 5 zuwa 14, da direbansu. Suka zuba su cikin akwatin wata babbar mota da suka binne a ƙasa. Bayan kamar awa 16 a cikin ramin, direban da manyan yaran suka tone suka fito. Aka duba jikinsu, ba wanda ya yi mummunan rauni, aka sallame su. Bayan 'yan watanni wata likitar yara mai suna Lenore Terr ta je ta zauna da su ɗaya ɗaya. Ta tarar ba wanda abin bai taɓa ba. Bayan shekara huɗu ta koma, har wa yau ga mafarkai, ga tsoron duhu da na baƙi, waɗansu kuma sun cire rai da yin tsawon kwana. Yini guda da 'yan awoyi ke nan aka riƙe su. To, ina ga wanda ya yi wata uku a daji?

Kada wannan ya karya maka zuciya. Yawancin yaran da suka gamu da abin tsoro su kan warware da kansu cikin 'yan makonni, in suna da mai kula da su. Da masana suka tattara binciken da aka yi a kan yara masu yawa, suka buga a 2014, sun ga kamar yaro 1 cikin 6 ne ciwon ke zaunar masa. Sun kuma ga bambanci. In haɗari ne ko ambaliya, kamar 1 cikin 10 ne. In kuwa mutum ne ya cuci yaron da gangan, kamar 1 cikin 4. Dalili a fili ya ke: ruwa ba ya cin amana, amma mutum yana ci, yaron da aka ci amanarsa kuwa ya kan rasa wanda zai yarda da shi.

ALAMOMIN DA ZA KA GANI

Yaro ba zai zo ya ce maka, "Baba, zuciyata ba daɗi" ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, na yaro kuma a tambayi halinsa. Ƙaramin da bai kai shekara biyar ba ya kan koma baya, watau ya koma yin abin da ya riga ya bari: fitsarin kwance, tsotson yatsa, neman goyo, ko maganar jarirai. Ya maƙale wa uwa, ko banɗaki za ta shiga sai ya bi ta yana kuka. Wani ya daina magana ɗungum. Har jinjiri, wanda mu kan ce bai san kome ba, yana jin yadda jikin uwarsa ke rawa, ya kan ƙi nono ya yi ta ƙananan koke-koke.

Wanda ya isa makaranta ya kan yi ta kukan ciwon ciki da ciwon kai, a auna shi ba a ga kome ba. Ba ƙarya ya ke yi ba, cikin yana ciwo da gaske, tsoro ne ya murɗe shi. Karatu ba ya zama, don hankalinsa yana bakin ƙofa yana gadi. Wani ya zama mafaɗaci, wani ya yi jigum. Ka lura da mai jigum ɗin nan da kyau. Shi ne mu kan yaba wa, mu ce yaron nan akwai haƙuri, alhali kuwa wani lokaci shi ya fi kowa jin jiki. Za ka kuma ga suna maimaita abin cikin wasa: su ɗauki kara su yi bindiga, su ɗaure 'yar tsana, su tona rami su binne ta, yau da gobe wasa ɗaya ba canji.

Samari da 'yan mata sun fi wuyar ganewa, don sun iya ɓoyewa. Saurayi ya kan ji kunyar a ce ya ji tsoro, sai ya mai da tsoron fushi, ko ya yi ta zancen ramuwa, ko ya faɗa wa ƙwaya da shaye-shaye don ya sami barci. Budurwa ta kan ƙule a ɗaki, ta bar ƙawayenta, ta bar abinci, ta riƙa ganin kamar ita ta jawo abin da ya same ta.

Wannan ɗora wa kai laifi, ya kamata ka san shi sosai, don yana cin yara a ɓoye. Yaro yana zaton duniya da shi ta ke juyawa. In ya yi wa ƙanensa mugun baki da safe, da yamma ƙanen ya faɗa rijiya, sai ya ƙudura a ransa shi ya kashe shi, ya yi shekaru bai gaya wa kowa ba. Saboda haka kada ka jira ya tambaya. Ka gaya masa a fili, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba: "Ba laifinka ba ne. Ba abin da ka yi ko ka faɗa ne ya kawo wannan ba."

MAGANI NA FARKO KAI NE

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus sun yi ta zuba wa birnin Landan bama-bamai a 1940 da 1941. Tun a 1939 gwamnatin Ingila ta kwashe dubban ɗaruruwan yara daga birane zuwa ƙauyuka don su tsira, da yawansu ba tare da iyayensu ba. Waɗansu mata biyu, Anna Freud da Dorothy Burlingham, suka buɗe gidajen renon yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita, suna rubuta abin da suka gani. Abin da suka gani kuwa ya ba mutane mamaki. Ƙananan yaran da ke tare da uwa mai natsuwa ba su cika razana da bama-baman ba. Waɗanda uwayensu suka ruɗe, su ma sun ruɗe. Abin da ya fi girgiza yaro ƙarami shi ne a raba shi da uwarsa farat ɗaya, ko da wurin da aka kai shi ba ƙarar kome.

Darasin ke nan. Yaro ba haɗarin ya ke dubawa ba, fuskarka ya ke dubawa, daga nan ya ke sanin ko akwai sauran tsoro ko babu. Saboda haka in masifa ta auku, kada a yi gaggawar tura yaro wurin dangi a wani gari don wai ya manta, sai fa in zamansa nan akwai haɗari. In tilas ne a tura shi, a haɗa shi da wanda ya saba da shi, yaya ko kaka ko gwaggo, a gaya masa inda za shi da dalili, kada a sulale a bar shi yana barci. Mai ɗa a makarantar allo a wani gari, in ya ji abu ya faru a can, ya je da ƙafarsa ya ga yaron, ko aƙalla ya ji muryarsa a waya.

Na san za ka ce, yaya zan natsu ni ma abin ya ci ni? Gaskiyarka. Ba a ce kada ka yi kuka ba. Yaro ya ga hawayenka ba laifi, ka ce masa, "Ina baƙin ciki ne, amma ina nan tare da kai." Abin da ba a so shi ne kururuwa da birgima a gabansa, da zaman manya ana ta maimaita yadda aka yi, wane aka yanka, wane aka ƙona, yara suna gefe suna ji. Haka nan hotunan gawawwaki da a ke turawa a wayar hannu. Kada ka kalle su inda yaro zai leƙo, kada kuma ka ba shi wayar suna ciki. Ƙaramin yaro in ya ga abu sau biyar a waya, ya kan zaci sau biyar aka yi shi. Ke kuma uwa, in ba ki iya barci, ba ki iya cin abinci, kin kāsa kula da yaran, ki faɗa wa malamar asibiti. Neman taimakonki taimakon ɗanki ne.

Bayan wannan, sai a mai da rayuwa kan turbarta da wuri gwargwadon iko. Kokon safe a lokacinsa, wanka a lokacinsa, makaranta, aike, kiwo, tatsuniya bayan sallar lisha. Waɗannan ƙananan abubuwa su ke gaya wa jikin yaro cewa gobe za ta zo kamar jiya. Ko a sansanin gudun hijira ku ke, ana iya tsai da lokacin ci da na kwanciya, a tara yara ƙarƙashin itace su yi karatu da wasa. Ka ba shi ɗan aikin da ya iya, kamar ba akuya dusa ko rakiyar ƙane, don wanda aka fi ƙarfinsa yana bukatar ya ga akwai abin da hannunsa ke iyawa. In yana tsoron duhu, a bar masa fitila, ya kwana kusa da babba na ɗan lokaci. Ba sangarta shi ka ke yi ba. Mai karaya ma a kan ba shi sanda kafin ƙashi ya haɗe.

Kan maganar fitsarin kwance, kada a doke shi, kada a tara masa yara suna yi masa waƙa, kada a shanya tabarmarsa a bainar jama'a. Tsoro ne ya kawo fitsarin, ƙarin tsoro ba zai ɗauke shi ba. A rage masa shan ruwa dab da kwanciya, a sa shi ya yi fitsari kafin ya kwanta, a yaba masa ran da ya tashi a bushe. In yana jin zafi wajen fitsari, ko yana yawan ƙishirwa da rama, a kawo shi a auna, don wata cuta dabam na iya kawo haka.

A YI MAGANA KO A YI SHIRU?

Nan ne mutane suka rabu biyu, kuma duka biyun su kan yi kuskure. Waɗansu su ce wa yaro, "Kul na sake jin ka tā da zancen nan, abin da ya wuce ya wuce." Waɗansu kuma duk baƙon da ya zo jaje sai a kirawo yaron a ce ya ba da labari daga farko. Na farko ya bar yaro shi kaɗai da kayan da ya fi ƙarfinsa. Na biyu yana fama masa miki kullum. Dā ma'aikatan agaji su kan tara waɗanda masifa ta sama, su sa kowa ya zayyana abin da ya gani tun da zafinsa. An gwada an ga ba ya hana ciwon, wani lokaci ma ƙara shi ya ke yi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bari.

Hanya ita ce ka buɗe ƙofa, ka bar shi ya shigo da kansa. Ka ce, "Duk ran da ka ke so ka gaya mini wani abu, ina ji." Yara ba su cika magana in an zaunar da su ana kallon idonsu ba. A hanyar gona, ko wajen sussukar gero, ko uwa tana yi wa 'yarta kitso, nan maganar kan fito. In ta fito, ka saurara. Kada ka katse shi, kada ka ce "namiji ba ya tsoro", kada ka ce "ai ba kome". Ka ce, "Lalle ka ji tsoro. Kowa ya ga haka zai ji." In ya tsaya a tsakiya, ka ƙyale shi, wata rana ya ci gaba. In ya fi son ya zana a ƙasa ko a takarda, ka bar shi, ka tambaye shi a hankali mene ne wannan.

Kuma ka gaya masa gaskiya daidai da shekarunsa. In uba ya rasu, kada a ce ya yi tafiya, don yaron zai yi ta zaman jira a ƙofar gida, ran da ya gane kuwa ya daina yarda da ku. Kada a ce barci ya ke yi, sai yaron ya ji tsoron barci. A ce ya rasu, ba zai dawo ba, a gaya masa wanda zai riƙe shi daga yau, don wannan ita ce tambayar da ke ransa ko bai furta ba. Kada kuma ka yi alkawarin da ba ka da iko a kansa. Maimakon "ba za su sake zuwa ba har abada", ka gaya masa abin da aka shirya: inda za a taru, da wanda zai ɗauke shi.

In firgitar ta taso masa, yana haki yana kyarma, ka durƙusa daidai tsawonsa, ka kira sunansa da murya ƙasa-ƙasa, ka gaya masa inda ya ke da wanda ke tare da shi. Ka sa ya ɗora hannu a cikinsa, ya shaƙi iska ta hanci a hankali, ya fitar ta baki sannu sannu kamar mai hura kunu mai zafi. Ku yi tare, sau goma ko fiye. Fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya. Gara ku koyi wannan tun yana cikin natsuwa, don ya same shi a hannu ran bukata.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. Yarinyar da aka sace ta dawo, ko aka yi mata fyaɗe, sau da yawa abin da ta tarar a gida ya fi na daji ciwo. A nuna ta da baki, a hana 'ya'ya zama da ita, har an sami wuraren da a ke kiran irinsu annoba. Wannan zalunci ne a kan zalunci. Ba ita ta yi laifi ba, ita aka yi wa. Mai unguwa da liman da malaman makaranta, in suka tsaya suka ce ba a yi a garin nan, ba za a yi ba. Haka nan yaron da aka tilasta wa riƙe makami. In kuwa yaro, mace ko namiji, ya gaya maka wani ya taɓa shi ta hanyar banza, ka gaskata shi, ka raba shi da mutumin nan take ko da ɗan gida ne, ka kawo shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau, amma sai an fara shi cikin kwana 3, watau awa 72. Rufa asirin gida ba ya kai lafiyar yaro.

ABIN DA ZA KA GUJE WA, DA RAN DA ZA KA ZO

Mutane da yawa in sun ga yaro yana zabura su kan ce iska ce ta taɓa shi. Addu'a da tofi daga bakin iyaye suna kwantar da hankalin yaro, ba mai hana ka. Amma duk wanda ya ce zai fid da abin da bulala, ko da hayaƙin barkono, ko da mari a ƙafa, ko da hana abinci, ka ɗauke ɗanka ka tafi. Yaron da tsoro ya kama, an ƙara masa wani tsoron ke nan.

Kada kuma ka je kemis ka sayo masa ƙwayar barci irin su Valium. Tun a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a ba da irin waɗannan ƙwayoyi don firgita ko rashin barci a watan farko bayan masifa. Ba su warkar da ciwon, jiki kuma ya kan saba da su har ya kāsa bari. Ka sa ido kan samari game da tiramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da shi da yin sa tun 2018 saboda ɓarnar da ya yi.

To, yaushe za a kawo yaro? In mako huɗu sun wuce, watau wata guda, abin bai ragu ba ko ƙaruwa ya ke yi, ya hana shi barci ko makaranta ko wasa, ka kawo shi. Wani yaron ya kan yi kamar lafiya lau, sai bayan watanni alamomin su fito, shi ma a kawo shi. Amma akwai abubuwan da ba a jira musu wata guda. In ya ƙi ci da sha, ko ya daina gane mutane, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko yana yi wa kansa rauni, ko ya ce gara ya mutu, a kawo shi ran nan. Kada ka ɗauki wannan magana wasa. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambaya ba ta sa masa tunanin, sauƙi ma ta kan ba shi. Ka kawar da maganin ƙwari da na ɓera da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai. In kuma ya bugu a kā lokacin haɗarin, sa'an nan ga amai, ko yawan barci, ko jijjiga, wannan raunin ƙwaƙwalwa ne mai yiwuwa, a garzaya da shi babban asibiti. In da zazzaɓi, a auna jininsa, don zazzaɓin cizon sauro ma ya kan ruɗa yaro.

Malamin asibiti zai duba jikinsa tukuna, sa'an nan in ya ga da bukata ya ba ku takarda zuwa gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, da Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa kamar na Shika a Zariya da na Malam Aminu Kano su ma suna da sashen wannan aiki. Kada sunan wurin ya tsorata ka, zuwa can ba ya nufin ɗanka ya haukace. Maganin da ya fi yi wa yara aiki ba allura ba ce, zama ne da wanda aka horar, yawanci sau ɗaya a mako har wata biyu ko uku ko fiye. Zai fara koya wa yaron yadda zai kwantar da jikinsa, sa'an nan su bi labarin kaɗan kaɗan, gwargwadon abin da zai iya ɗauka, har ya zama yana iya tunawa ba tare da jiki ya ɗauki rawa ba. A kan sa iyaye cikin zaman, don aikin da za a ci gaba da shi a gida.

Ran da za ku zo, ka riƙo katinsa na asibiti da duk maganin da aka riga aka ba shi, na kemis ko na gargajiya. Ka tuna ranar da abin ya faru da ranar da ka fara ganin canji. A zo da wanda yaron ya fi sakin jiki da shi, ko kaka ce ko yaya. Ka nemi ka yi wa malamin bayani a keɓe tukuna, yaron yana waje tare da ita, kafin a shigo da shi.